Motar Gazuwal Mai Sauya Giya da Kanta: Abin Dubawa Kafin a Kwance Ta

Wannan jawabi ne da aka yi wa direbobi, da yaran mota, da shugabannin ƙungiyoyin manoma a unguwar Lamorde, hayin kogi, cikin birnin Yamai.

  

Maganar yau a kan a-kori-kura ce, wato ƙaramar motar kaya mai buɗaɗɗen baya, wadda wasu ke ce wa bashe. Cikinsu akwai mai shan gazuwal wadda ke sauya giya da kanta. Ita ake kira otomatik. Direbanta ba ya taka kuloci. Birki da totur kawai ke ƙarƙashin ƙafarsa.

AIKIN MOTA A HAYIN KOGI

A shekarar 1970 aka buɗe Gadar Kennedy. Kafin nan, mutumin Lamorde sai ya shiga jirgin ruwa in zai je kasuwar Yamai. A 2011 aka buɗe gada ta biyu. A 2021 aka buɗe ta uku, mai sunan Janar Seyni Kunce. Daga wannan hayi hanyar Sayi ta tashi, haka kuma hanyar Torodi.

A-kori-kura ce jakin waɗannan hanyoyi. Ita ke ɗaukar shinkafa daga fadama. Ita ke kai kayan lambu kasuwa da asuba. Ita ke kawo hatsi da awaki daga ƙauye. In ciwo ya tashi da dare, ita ke kai mara lafiya asibiti.

Dattawa sun san zamanin Peugeot 404 mai giyar hannu. Yanzu akwai Toyota Hilux, da Mitsubishi L200, da Nissan Navara, da Ford Ranger. Da yawansu an yi aiki da su a wata ƙasa kafin su iso nan. Wasunsu otomatik ne. Ita wannan dabara ta daɗe a duniya. Kamfanin General Motors na Amurka ya sa ta cikin motocin Oldsmobile na shekarar 1940. Amma a nan direbobi da yawa da giyar hannu suka koyi tuƙi. Shi ya sa in otomatik ta yi gardama, hankali ke tashi.

MOTAR ƘUNGIYA

Ga misali. Wata ƙungiyar manoma ta tara kuɗi shekara uku, ta sayi a-kori-kura otomatik. Motar ta yi aiki lafiya har ƙarshen ɗari. Da bazara ta kama, sai ta soma nauyi. Direba ya taka totur, inji ya yi ta kuka, giya ba ta hawa da wuri. Kayan lambu suka riƙa isa kasuwa bayan rana ta take.

Wani ya leƙa ya ce akwatin giya ya mutu, a sayo wani. Kanikawan Yamai suna ce wa akwatin nan buwat, na Najeriya suna ce masa giyabos. Kuɗinsa ya kai na bijimi mai kyau, ko ya fi. Ƙungiya ba ta da su, sai in an taɓa kuɗin taki.

Shugaban ƙungiya ya ce a ƙara tambaya. Aka kai motar wurin wani tsohon bakanike. Direba ya ce masa: "Baba, buwat ce ta mutu." Tsoho ya ce: "Samari, wa ya buɗe ta ya gani?" Direba ya yi shiru.

Tsoho ya auna man giya, ya tarar da shi daidai, ja, ba ƙauri. Ya kwance matatar gazuwal, ya same ta cike da datti da ruwa. Ya buɗe matatar iska, ƙurar hunturu ta toshe ta. Ya sauya su duka biyu. Aka fita gwaji kan hanyar Sayi. Mota ta hau giya ɗaya bayan ɗaya, ba gardama. Kuɗin taki suka tsira.

Me ya faru? Inji ne ya rasa abinci da numfashi, ƙarfinsa ya ragu. Direba ya riƙa danne totur har ƙasa. Ita kuwa otomatik, in ta ji an danne totur, sai ta ɗauka ana hawan tudu ne, ta riƙe ƙaramar giya. Akwatin lafiyarsa lau. Umurnin da ƙafar direba ta ba shi yake bi.

Darasin farko ke nan. A fara da abu mai arha. A ƙare da mai tsada.

YADDA AKWATIN KE AIKI

Abu huɗu ke cikin aikin.

Na ɗaya, ƙwaryar mai. Tana tsakanin inji da akwati, kamar ƙwarya biyu da aka kifa wa juna. A ciki akwai fanka biyu cikin mai. Inji ya juya ta farko, mai ya tura ta biyu. Ita ce ke madadin kuloci.

Na biyu, faya-fayai. Siraran ƙarafa ne da aka jera. An manna wa wasunsu wani abu mai kama da takarda mai kauri. In an matse su, giya ta kama. In an sake su, giya ta saki.

Na uku, famfo da hanyoyin mai. Famfo ke tura mai da ƙarfi, man ya matse faya-fayai. Akwai ƙananan ƙofofi masu aiki da lantarki, su ke buɗe wa mai hanya su rufe. Inji ne ke juya famfon. In inji ya mutu, famfo ya tsaya.

Na huɗu, ƙwaƙwalwar mota. Ƙaramar kwamfuta ce. Tana jin gudun mota, da zurfin totur, da zafin mai. Da wannan labari take zaɓen giya.

To, kun ga mai shi ne jinin akwatin. Shi ke ɗaukar ƙarfi, shi ke matsa faya-fayai, shi ke sanyaya su. Ciwon otomatik da yawa daga mai yake farawa.

HARUFFAN SANDAR GIYA

Kowane direba ya san waɗannan haruffa.

P: tsayawa, an kulle mota.
R: komawa baya.
N: ba giya.
D: tafiya gaba.
2 da L: ƙananan giya, don tudu, da gangare, da rairayi. A sababbin motoci harafin S ko M ke wurinsu.

BINCIKE NA ƊAYA: MABALLAI DA SANDA

Wannan ba ya cin ko dala.

Wasu motoci suna da maɓalli a jikin sandar giya. In an taɓa shi, fitila mai rubutun O/D OFF ta kama a allon gaban direba. Muddin tana kunne, mota ba za ta shiga babbar giya ba. Wasu suna da maɓalli mai rubutun PWR. Shi kuma yana sa giya ta jinkirta hawa. Sau da yawa yaro ne ya taɓa wajen shara.

In motar katkat ce, a dubi ƙaramar sanda ko maɓallinta. In tana kan L4, inji zai yi ruri, mota tana rarrafe. A maida ta H2 a kan kwalta.

In sanda ta ƙi fita daga P, wani ya tsaya a baya ya dubi fitilar birki. In ba ta kamawa, makunnin da ke bayan birki ne ya lalace, ko fis ya ƙone. In mota ta ƙi tashi a P amma ta tashi a N, wayar sanda ce ta goce, ko makunnin da ke jikin akwati. Gyaransu kaɗan ne.

BINCIKE NA BIYU: AWON MAI

Awon man otomatik ya bambanta da na inji. Ga yadda ake yi a mota mai sandar awo.

1. A yi tafiya kamar kilomita 15, mai ya ɗauki zafi.
2. A tsaya wuri mai daidai, ba tudu ba gangare.
3. A ja birkin hannu. A bar inji yana aiki.
4. A taka birki, a bi da sanda kowane harafi, a dawo P.
5. A zaro sandar awo, a goge da tsumma mai tsabta, a maida, a sake zarowa.
6. Mai ya tsaya tsakanin zane biyu na wajen rubutun HOT.

Direba ya yi hankali da fanka da bel. Kada ya sunkuya da babbar riga ko rawani.

In mai ya gaza, mota takan yi jinkiri bayan an sa D ko R, musamman da safe. Takan kuma yi sulɓi: inji ya yi sama, gudu bai ƙaru ba. In mai ya yi yawa, yakan yi kumfa, ya yi ambaliya. In ya zuba kan salansa mai zafi, wuta na iya tashi. Saboda haka a ƙara kaɗan-kaɗan, ana aunawa.

Man otomatik ba ya ƙonewa kamar gazuwal. In ya ragu, yoyo ne. A shimfiɗa kwali ƙarƙashin mota da dare. Da safe a duba. Baƙin ɗigo na inji ne. Jan ɗigo a tsakiyar mota na akwati ne. Jan ɗigo can gaba yana iya zama na sitiyari.

Sababbin motoci da yawa ba su da sandar awo. Irinsu ta ƙasa ake auna su, da wani ƙusa na musamman, a zafin da littafin motar ya faɗa. Wannan aikin gareji ne.

BINCIKE NA UKU: LAUNI DA WARI

A ɗiga mai kan farar takarda. A duba, a sansana.

Ja garau: lafiya.
Ruwan ƙasa, ba ƙauri: ya tsufa, lokacin bidanji ya yi.
Baƙi mai ƙauri: faya-fayai sun soma ƙonewa.
Fari-fari mai ja-ja, kamar an dama nono: ruwa ya shiga.
Mai ƙyalƙyalin ƙarfe: wani abu yana cin wani a ciki.

Wani mai yana yin duhu da wuri alhali bai lalace ba. Don haka hanci ya taimaki ido.

BINCIKE NA HUƊU: IRIN MAN DA AKA ZUBA

Kowane akwati da mansa. Akwai Dexron, wanda General Motors ya fitar tun 1967, kuma shi ma iri-iri ne. Toyota tana da T-IV, tana da WS. Sunan man da ya dace yana cikin littafin mota. Wani lokaci an rubuta shi a jikin sandar awo.

Direba ya karanta rubutun galan da idonsa kafin a zuba. Man inji mai lamba 15W-40 ba ya shiga otomatik. Man giyar hannu mai lamba 80W-90 ya yi mata kauri ƙwarai. Man da aka ɗura a kwalba ba suna, a bar shi. Hausawa sun ce araha ba ta ado.

A sani kuma, akwatin Hilux yana ɗaukar wajen litar 10. In an kwance ƙusan ƙasa, abin da ke fita bai wuce kashi ɗaya cikin uku ba. Sauran yana cikin ƙwarya da hanyoyi. Shi ya sa bidanji ɗaya ba ya wanke mai mara kyau.

BINCIKE NA BIYAR: LAFIYAR INJI

A tuna da motar ƙungiya. A dubi matatar gazuwal. A tsiyaye ruwan da ya taru a ƙasanta. A dubi matatar iska, musamman bayan hunturu. A sha gazuwal a wurin da aka amince da shi. A dubi tiyon iska na turbo, ko ya tsage. Inji mai baƙin hayaƙi da rashin ƙarfi, shi za a fara yi wa magani.

Tsofaffin motoci suna da wata waya daga totur zuwa akwati. In ta yi tauri, giya takan shiga da bugu. In ta saki, giya takan yi sulɓi. Bakanike yana daidaita ta cikin ɗan lokaci.

BINCIKE NA SHIDA: WUTAR LANTARKI

Ƙwaƙwalwar mota ba ta son wuta mai rauni. Batir mai lafiya yana nuna wajen bolt 12 da rabi in inji yana kashe, wajen 14 in yana aiki. A kankare farin gishirin da ke kan batir. A ɗaure wayoyi tamau.

Motar da ke ɗaukar hatsi tana jan ɓera. Ɓera kuwa yana cin waya. A leƙa ƙarƙashi, a bi wayoyin da suka shiga akwati. A cire laka daga mahaɗinsu.

Wani lokaci mota takan maƙale a giya ɗaya, yawanci ta uku, fitilar inji ta kama. Tashi ya yi nauyi, gudu ya ƙi ƙaruwa. Wannan ba mutuwa ba ce. Ƙwaƙwalwa ce ta ga wani abu bai yi daidai ba, ta kulle giya don kada ɓarna ta ƙaru. Direba ya lallaɓa zuwa gareji.

A gareji akwai na'urar bincike. Ana soka ta a wata kafa mai rami 16 da ke ƙarƙashin sitiyari. Amurka ta wajabta wannan kafa ga motocinta tun 1996, sauran ƙasashe suka bi. Na'urar tana fitar da lamba. P0700 tana nufin ƙwaƙwalwa ta ga matsala a wajen akwati. P0500 tana nuna ma'aunin gudu. P0750 tana nuna ɗaya daga cikin ƙofofin mai. Lamba hanya take nunawa. Sau da yawa laifin na waya ne ko na ɗan ƙaramin ma'auni. Direba ya rubuta lambar a littafinsa kafin a goge ta.

RUWA

Mutanen Lamorde sun san kogi. Ya shigo unguwa a 2012. A watan Satumba na 2020 ya fasa madatsa, ya ci gidaje da yawa. Motoci ma sun kwana cikin ruwa.

Ga misali na biyu. Wani mai a-kori-kura ya jawo motarsa bayan ruwa ya janye. Ya shanya kujeru. Ya sauya man inji. Mota ta tashi, ya yi hamdala, ya koma aiki. Bai dubi man giya ba. Bayan ƴan makonni mota ta soma sulɓi. Ran nan ta tsaya cik da lodi, inji yana kuka, ƙafa ba ta juyawa. Da aka buɗe, takardar faya-fayai duk ta ɓare. Sai da ya sayar da dabbobi.

Akwati yana da ɗan hancin shan iska a samansa. In ruwa ya kai nan, ya shiga. Ruwa kuwa yana sakin abin da ya manne takardar faya-fayai, yana kawo tsatsa. Saboda haka motar da ta nutse, kada a tada ta. A ja ta zuwa gareji. A dubi inji, a dubi akwati, a sauya mai har sai ya fito garau. Da damana, in ƙorama ta kawo, direba ya jira. In ya ratsa ruwa mai zurfi, ya dubi launin mai a ranar.

Ruwa yana da wata ƙofa. A motoci da yawa man giya yana bi ta cikin lagireto don ya huce. In bututun ya huje, ruwan lagireto ya gauraya da mai. Wanda ya ga mai ya yi fari alhali bai shiga kogi ba, ya sa a dubi lagireto.

ZAFI DA LODI

A watan Afrilu da Mayu zafin Yamai yana wuce digiri 40. Man giya yana son ya zauna wajen digiri 80. In ya haura 120, ya soma lalacewa da sauri. Abu uku ke dafa shi: lodi, da rairayi, da lagireto mai datti.

An ƙera a-kori-kura don ta ɗauki wajen tan ɗaya. Wato buhu 10 masu kilo 100, har da nauyin mutanen da ke ciki. Wanda ya ɗora buhu 20 ya ci ribar sawu ɗaya, ya ajiye wa kansa bashi.

In mota ta kafe a rairayi, kada a yi ta wurga sanda tsakanin D da R ana danne totur. A sauka, a tone, a rage iskar taya, a sa L4. A wanke fuskar lagireto daga ƙaiƙayi da ciyawa. In fitila mai rubutun A/T OIL TEMP ta kama, a tsaya a gefe, a sa P, a bar inji yana aiki a hankali har ta mutu.

ABIN DA BA A YI WA OTOMATIK

Ba a tura ta don ta tashi. Famfo ba ya juyawa, giya ba za ta kama ba.

Ba a jan ta da igiya tafiya mai nisa. Cikinta zai juya ba mai. In nesa ne, a ɗora ta kan babbar mota, ko a kwance farfela, wato sandan ƙarfen da ke kai ƙarfi ga ƙafafun baya.

Ba a sa R ko P sai mota ta tsaya cik.

Ba a riƙe ta a kan tudu da totur. Aikin birki ne.

Ba a barin ta a gangare da P kaɗai. Abin da ke kulle ta ɗan ƙarfe ne, bai fi yatsa ba. A ja birkin hannu tukuna, sannan a sa P.

RANAR DA ZA A BUƊE AKWATI

Akwai ranar da buɗewa ta zama dole. In mai ya yi baƙi da ƙauri, ga sulɓi. In an kwance farantin ƙasa an ga gutsattsarin ƙarfe. In mai ya cika daidai, waya lafiya, amma mota ta ƙi zuwa gaba ko baya. A nan sai wanda ya ƙware a otomatik, don ba kowane bakanike ya koye ta ba.

Kafin mai mota ya ba da kuɗi, ya yi tambaya huɗu. An auna mai? An sa na'ura, wace lamba ta fito? An dubi matatar gazuwal da wayoyi? In za a sa wani akwati, lambarsa ɗaya da ta tsohon? Matambayi ba ya ɓata. In an sa wani akwati, a wanke bututu da wurin sanyaya mai, don kada dattin tsoho ya kashe sabo.

LITTAFIN MOTA

Kowace ƙungiya ta ajiye ɗan littafi cikin mota. A rubuta ranar bidanji, da kilomita, da sunan man da aka zuba. In ciwo ya fara, a rubuta yadda yake: da sanyi ko da zafi, da lodi ko ba lodi, a wace giya. Littafin kamfani yana ba da lissafi biyu na sauya mai, na aiki mai sauƙi da na aiki mai wuya. Ƙura, da zafi, da lodi duk aiki mai wuya ne. A bi lissafi na biyu.

Jama'a, ba a fafe gora ranar tafiya. A ware safiya ɗaya cikin mako, direba da yaronsa su auna mai, su leƙa ƙarƙashi, su buga matatar iska. Wanda ya ji wannan magana ya kai wa wanda bai zo ba.

Allah ya kiyaye hanya. Allah ya sa a sauka lafiya.